Tambayar da Ban Yi wa Surukina Ba

Na ga kuna dariya jiya, kada ku ce mani a'a. An sauko da mutum daga amalanke, dattijo mai furfura, mai sayar da wake a kasuwar Cadakori, ban ce mashi sannu ba, ban tambayi mutanen gida ba, sai na duƙa kusa da kunnenshi na ce, "Alhaji, tun da abin ya faru ka yi fitsari?" Sai kuka juya fuska kuna ƙunshe baki. Ɗayanku har ya ce tsufa ya fara taɓa Baba Nomau. Na ji. Kunnen dama ne ya mutu, na hagu yana nan. To ku zauna, tun da kun ce kuna son koyon ɗori, kun kuma ce ai ba wani abu ba ne, kara ne da tsumma, kun gani a wayar salula. Zan gaya maku inda tambayar nan ta fito. In na gama, wanda ya ga dama ya ci gaba da dariyarshi.

Ni maɗori ne, ubana maɗori ne, ubanshi ma haka. A ƙauyenmu, nan gefen Gidan Sori, in ka ce gidan ɗori ba wanda zai tambaye ka wanne. Aikin farko da na yi na akuya ne. Wata tsohuwa ta kawo ta, jaki ya take mata ƙafar baya. Babana ya miƙo mani kara, ya koma gindin bango yana cin goronshi. Na ɗaure, na ja, na ƙara ja, ina jin kaina wani gwani. Kwana uku ƙafar ta kumbura ta fara wari, don na matse ta har jini ya rasa hanya, sai yanka akuyar aka yi. Bai zage ni ba, bai buge ni ba. Ya sa na ɗauki ƙafar a hannuna na ratsa gari da ita, na kai wa tsohuwar, na ba ta haƙuri a gaban jama'a. Shekara huɗu na yi a kan awaki da tumaki kafin ya bar ni na taɓa ɗan yatsan mutum.

Kayan aikin da kuke rainawa, kowanne da hukuncinshi. Karan dawa muke so, na gero bai da ƙarfi. Ana yanko shi bayan kaka, a shanya a inuwa, don in rana ta gasa shi sai ya riƙa tsagewa. A yanka shi daidai tsawon gaɓar, a kankare kaifin, a saƙa shi da igiyar rama kamar ƙaramin asabari. Man shanu kuma wanda ya kwana biyu, ba ɗanye ba. Tsumma na tsohon zane da ya sha wanki har ya yi laushi. Wuƙa guda, auduga kaɗan. Shi ke nan abin da ido ke gani. Sauran kayan duk a kan yatsu suke, kuma ba a kasuwa ake sayo su ba. Babana yakan karya ƙashin rago gida uku, ya tura cikin buhun dusa, ya ɗaure baki, ya ce in haɗa su daga waje ban gani ba. In na ce na haɗa sai ya buɗe ya duba, ya ce, "Wannan mutumin ka gurgunta shi har abada. Sake."

Masu zuwa kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai kwana bakwai a gida ana gasa mashi karaya da ruwan zafi, sai ƙashi ya fara kamawa a karkace sannan a kwaso shi, a ce maka jiya ya faɗi. Akwai wanda za ka ɗaure shi da safe, ka dawo la'asar ka tarar ya kwance yana susa. Akwai matar da mijinta ya karya mata hannu, ta rantse maka a bakin rijiya ta zame. Shi ya sa gidanmu ke da doka tun kakanni. Wanda karayarshi ta yi girma a ɗakin ɗori yake kwanciya, nan cikin gidanmu. Ɗan'uwanshi namiji ke jinyarshi. Matarshi ba ta shiga ɗakin har sai an kwance, don mun gaji cewa kusantar iyali na ɓata ɗori. Ana ajiye mashi kasko da yashi a ciki a gefen shimfiɗa, don biyan buƙata, mai jinya ya riƙa zubarwa. Ku riƙe dokar nan da kaskon nan, za mu dawo kansu.

Wani Bafillace aka kawo wa babana ina saurayi, bijimi ya kayar da shi a bakin rijiya ya bi ta kanshi. Mutumin ko uhum bai ce ba, kun san su da cinye ciwo. Babana ya ɗora tafin hannu a kan katararshi ta dama da ta hagu, ya danna kaɗan, sai muka ji abu ya motsa a ciki. Ya kori mata da yara, ya kwance ma mutumin wando da hannunshi, ya ce in matso in duba. Ɗigon jini ne guda a bakin gabanshi, bai fi ƙwayar gero ba. Mararshi ta ɗaga ta yi tauri. Babana ya tambaye shi ko ya yi fitsari, ya ce yana ji amma ya ƙi fita. Sai tsoho ya naɗe mashi ƙugu da rawani, ya wanke hannu, ya ce da danginshi, "Wannan ba namu ba ne. Ku ɗauke shi yanzu sai likita, kada ku tsaya shan ruwa." Suka yi ta roƙo, ya ƙi. Da suka tafi ya ce mani, "Nomau, hannu da ƙafa itace ne, in sun karye ka haɗa. Ƙashin ƙugu ƙwarya ce. In ƙwarya ta fashe, abin da ke cikinta ake fara tambaya. Mafitsara na ciki, hanyar fitsari na ciki, hanji na ciki. Ka tuɓe mutum ka duba, ko da sarki ne." Da shekara ta zagayo Bafillacen nan ya dawo da ƙafarshi, ya kawo ma babana man shanu cike da ƙwarya.

Na faɗi maku wannan ne don kada wani ya ce rashin sani ne ya same ni. Na sani. Bayan rasuwar babana, da motoci masu ƙafa biyu suka cika ƙasar, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Ɗan kabu-kabu ya faɗa rami, matsematsinshi ya daki tankin moto. Mai haƙar rijiya ƙasa ta rufto mashi zuwa ƙugu. Duk na tuɓe su, na duba, wanda na ga jini ko mara ta ɗaga na tura shi gaba. Har majo na gidan likitanmu, wato babban mai jinya na wurin, yakan ce da mutane, "In dai Nomau ne ya turo, ku shigo da shi da sauri, bai turo banza."

Ɗiyata ta fari, wadda bakina bai kama sunanta amma mutane na ce mata Barira, ta yi aure a ƙauyen da ke ƙetaren fadama. Mijinta Lawali. Shi ma ban taɓa kiran sunanshi ba, Mai-Shanu nake ce mashi, don yana da bijimai biyu da amalanke, da su yake ci da iyalinshi. Ban taɓa ganin suruki mai kunya irin yaron nan ba. In ya hango ni tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, ko cikin taɓo ne. Shekara tara yana auren ɗiyata, ban taɓa ganin ya kai loma baki ba, ban taɓa ganin ƙwayar idonshi ba. Ina alfahari da shi a majalisa. Ina cewa samarin yanzu su je su koyi ladabi wurin Mai-Shanu.

Sai shekarar rushe-rushe ta zo. Ruwa ya sauka kamar ba za a ɗauke ba, gulbi ya cika ya shigo gonaki, gero ya tsaya cikin ruwa ya ruɓe a tsaye. Bangaye suka jiƙa suka riƙa zubewa a kan mutane. Ɗakin ɗori ya cika, zaure ya cika, har rumfar awaki na share na kwantar da mutum. Karan da na tanada ya ƙare, na koma zare na danni. Bangon gidana na gabas shi ma ya fara tsagewa. Ban aika ma kowa ba, amma labari ya kai ƙetaren fadama. Da hantsi sai ga Mai-Shanu da yayanshi Haru, sun ɗebo jar ƙasa cike da amalanke za su tokare mani bango.

A ƙofar gidana abin ya faru, ina ciki ina ɗaure hannun wata mata. Akwai ɗan tudu a wurin. Amalanke ya kafe a taɓo, Mai-Shanu ya koma baya ya sa kafaɗa yana turawa, Haru na jan shanu. Bijimin hagu ya zame ya durƙushe. Amalanken ya dawo da baya da jiƙaƙƙiyar ƙasar nan duka, ya haɗa shi da bangon. Ban ji ihu ba, ƙarar katako kawai na ji. Da na fito an janye shi an kwantar, taɓo tun daga ƙirji har ƙafa, wandonshi baƙi ne mai kauri. Da ya gan ni, wallahi, yunƙurawa ya yi zai tashi ya gaishe ni.

Aka shigar da shi ɗakin ɗori, na sa aka matsar da wani. Na ɗora hannu a katararshi biyu, na danna, na ji abin nan ya motsa. Na san ƙugu ne. Na san abin da ke biye. Hannuna ya tafi da kanshi wurin mazagin wando, yadda ya saba. Sai na tarar da hannunshi a wurin, ya damƙe mazagin, ya kawar da fuska wajen bango. Mijin ɗiyata ne, uban jikokina. In kwance mashi wando in duba tsiraicinshi, gobe da wane ido zai dube ni, da wane ido zan dubi ɗiyata? Na janye hannu. Na ce a raina bari dai in tambaya da baki. Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa. Abin da na iya cewa shi ne, "Mai-Shanu, ina ne ke maka ciwo?"

Ya ce, "Ƙafa ce, Baba. Da sauƙi."

Na karɓi wannan amsar don ita nake so in ji. Na kawo rawanin babana, na naɗe mashi ƙugu a kan wandon, na daidaita ƙafafu, na sa kara a inda ya dace, na yi tofi. Na ce da Haru ya kula da shi, in ya ga wani abu ya faɗa mani. Wani abu, haka na ce. Ban ce mashi mene ne ba. Aka ajiye kasko da yashi a gefen shimfiɗa. Ɗiyata ta iso da la'asar, ta ratso ruwa da goyo a bayanta, na sa uwarta Tsahara ta tsayar da ita a cikin gida, don doka ta hana ta shiga.

Washegari da safe na shiga dubiya. An kai mashi fura tun jiya, tana nan a rufe. An kai kunu, bai taɓa ba. Ruwan sha ma yana nan yadda aka kawo. Na ce a raina, ka ga ɗan halak, ko a kwance bai iya cin abinci a gidan surukai. Ban gane ba cewa tsoron sha yake, don duk abin da ya shiga ba ya da hanyar fita. Na saci kallon kaskon, yashi a bushe. Na ce ai Haru ne ya zubar tun da sassafe ya sake sabo, don kada in gani. Haru kuwa, daga baya ya gaya mani, shi ya ɗauka na riga na duba komai, kuma ya ɗauka mai karayar ƙugu haka yake yi. Ya tambayi ƙanen nashi sau ɗaya, ya ce mashi ba ya ji. Na taɓa ɗaurin, yana nan daram. Na ce, "Yaya jiki?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba." Na fita wurin sauran.

Rana ta biyu leɓɓanshi sun bushe sun tsage, gumi na tsattsafo mashi a goshi, ya ja bargo har wuya. Na ce zazzaɓin damina ne, ga sauro ko'ina. Na sa aka dafa mashi saiwa, ya kurɓa sau ɗaya don kada ya saɓa mani. Na sake kallon kaskon. Na tsaya a bakin ƙofa, tambayar tana kan harshena, sai aka kira ni an kawo yara biyu da rufi ya faɗa ma. Na tafi da saurina, har da ɗan jin sauƙi a raina cewa an kira ni. Wannan jin sauƙin shi ne abin da ban yafe ma kaina ba.

Rana ta uku na tafi sallar azahar. Ɗiyata ta karya dokar gidan ubanta, ta shiga ɗakin. Ba ta daɗe ba ta fito ta faɗa ma uwarta, don ita ma ba ta iya tarar ubanta da maganar fitsarin mijinta. Ina dawowa Tsahara ta tare ni a bakin zaure. Shekara arba'in muna tare ba ta taɓa sa mani baki a aiki ba. Ta ce, "Malam, kaskon nan na yaron nan, ni na zuba mashi yashi ranar da aka kawo shi. Na sa tsinke a ciki ina kauda ƙazanta, na manta shi. Tsinken yana nan inda na bar shi. Ba a taɓa jiƙa kaskon nan ba, ba a taɓa zubar da shi ba."

Na shiga na kori kowa, na bar Haru. Mai-Shanu na shaƙuwa, idanunshi sun faɗa, ɗakin na wani wari da ban lura da shi ba da safe, ko kuma na ƙi lura. Har a lokacin ya kai hannu zai riƙe mazagin, amma ba ƙarfi. Na sa wuƙa na yanke. Ba zan zana maku duk abin da na gani ba. Jinin da babana ya nuna mani kamar ƙwayar gero, nan ya bushe ya manne da baƙin wando tun ranar farko. Mara ta kumbura ta yi tauri kamar tulu. Hanyar fitsari ta tsinke a ciki, fitsarin kwana uku ya rasa mafita ya bi cikin nama, daga matsematsi har cinyoyi wurin ya kumbura ya yi baƙi. Na zauna a ƙasa. Haru ya ce, "Baba, mene ne wannan?" Na ce, "Aikina ne. Ciro ƙyauren ɗakin nan."

A kan ƙyaure muka ɗauke shi, mu shida, don hanya ta yanke, ba moto ba amalanke. Mun ratsa fadama ruwa na kai mana ƙirji, muka ɗaga shi bisa kai. Can ƙetare aka samo amalanken jaki. Muka isa gidan likita rana ta yi sanyi. Majo ya fito yana mani fara'a yadda ya saba, ya ɗaga bargon, fara'ar ta ɗauke. Ya ce, "Baba Nomau, yau ya faɗi?"

Na ce, "Yau kwana uku."

Ya ce, "A ina yake kwance?"

Na ce, "A gidana."

Ya dube ni, ya juya ya koma kan aikinshi. Da ma ya zage ni. Ya kawo allura mai tsawo ya soka ƙasan cibiya, abin da ya fito ba kalar fitsari ba ne. Ya ɗaura mashi ruwa, ya kira ambilans a salula, aka wuce da shi Maradi.

Wata uku ya yi a can. Sun yanke naman da ya mutu, sun sake yankewa. Sun huda ƙasan cibiya sun sa tiyo, fitsari na bi ta nan yana zuba a wata leda da ake ɗaura mashi a cinya. Wani likita da ya ɗauki hoton ƙashin ya tambayi wanda ya ɗaure ƙugun, aka nuna ni. Ya ce ɗaurin ya yi daidai, shi ya tsayar da jini, ƙashin ya zauna inda ya kamata. Sannan ya ce da a ranar farko aka kawo shi, da abin bai kai nama ba, da akwai fatan haɗa hanyar. Sun gwada haɗawa daga baya, sau biyu, ba ta kama ba, don naman da za a ɗinka ya riga ya tafi.

Ya dawo gida da ƙafarshi, ko ɗingishi babu. Amma ba ya iya bin shanu, ba ya iya duƙawa ya yi noma, tiyon na ja. Aka sayar da bijiman, amalanke ya zauna a bayan ɗaki har tayoyin suka ruɓe. Haihuwa ta tsaya a kan 'ya'ya uku da suke da su. Ya daina shiga sahu a masallaci. Liman ya gaya mashi sallarshi ta yi, lalura ce, amma shi yana tsoron kada na kusa da shi ya ji wari, sai ya tsaya can waje bayan takalma. Mutumin da bai iya cin tuwo a gaban mutane don kunya, shi ne ya koma yawo da fitsarinshi a leda ƙarƙashin riga. Kowane wata a ɗora shi a moto a kai shi a sake tiyo, ya dawo yana rawar ɗari. Kowace damina zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ce abin ya hau ƙoda. Ɗiyata ke wanke shi, ita ke noman ɗan abin da za su ci. Tana zuwa gida ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta taɓa ce mani don me ba. Shi ma duk Juma'ar da ya samu ƙarfi yana zuwa, ya tuɓe takalmi, ya dafe ledar da hannu ɗaya, ya durƙusa a hankali. In ce ya tashi, ya ƙi sai ya gama gaisuwa.

Mutane ba su daina kawo mani karaya ba, ku dai kuna gani. Wasu ma cewa suke Nomau ya ɗora ƙugun da amalanke ya murƙushe, mutum ya tashi ya yi tafiya. In na ji haka sai in ji kamar in shige ƙasa. Dokar hana matar mai karaya shiga ɗakin ɗori na kashe ta tun shekarar nan. 'Yan'uwana suka ce na watsar da gado. Na ce su zo su karɓi gadon, ba wanda ya zo.

Shekara huɗu ya yi a haka. A damina ta huɗu ƙafafunshi suka kumbura, fuska ta kumbura, ledar ta riƙa wuni ba ta cika ba. Na san abin da hakan ke nufi. Ranar wata Laraba bayan la'asar na ɗauki sandata na ƙetara fadama na shiga gidanshi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kai ɗiyata. Yana kwance a rumfa. Da ya gan ni ya fara kokawar saukowa daga gado. Na dafa kafaɗarshi na mayar da shi, na zauna a bakin gadon. Na ce, "Lawali."

Ya ɗago ido ya dube ni. Ran nan na fara ganin idanunshi, ran nan ya fara jin sunanshi a bakina.

Na ce, "Kwana uku kana ɗakina. Me ya hana ka faɗa mani?"

Ya gyara kwanciya. Sannan ya ce, "Na jira ku tambaya, Baba. Kowace safiya in na ji takunku sai in ce yau za su tambaya. Na shirya amsar tun ranar farko."

Na ce ya yafe mani. Ya ce ba abin yafewa, Allah ne ya rubuta, shi ma ai ya riƙe mazagi. Na ce shi yaro ne mai ciwo, ni ne mai sana'a. Ya mayar da idonshi ƙasa yadda ya saba. Kwana shida bayan nan aka aiko da safe ya cika.

To kun ji inda tambayar ta fito. Alhajin jiya ya ce ya yi, na sa ya sake yi a kasko na gani da idona ba jini, sannan na taɓa shi. Ko ya ji haushi ko bai ji ba, ruwanshi. Amma kada ku ɗauka tambayar da nake yi yanzu tana rage mani wani abu. Na yi ta ga mutum ɗari tun daga ran nan, ba ta koma baya ta isa ɗakin can ba. Kuma ban ga alamar za ku iya ta ba. Kun iya salula, kun yi karatun lakol, amma na ga yadda kuka sunkuyar da kai jiya, irin sunkuyawar da na yi ce. Ranar da za a kawo maku kawunku, ko malaminku, ko uban matarku, ran nan za a san ko ku maɗora ne. Ni an kawo mani nawa, kun ji yadda na yi.

Bayan ɗiyata ta fita takaba ta zo gida. Ta same ni a zaure ina kankare kara. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe ba ta tashi ba. Sannan ta ce, kanta a ƙasa, "Baba, ya bar saƙo. Ya ce in gaya maku kada ku sa abin a ranku. Ya ce ɗorinku ya yi kyau, ƙashin bai taɓa yi mashi ciwo ba ko sau ɗaya."

Gaskiya ya faɗa. Shekara hamsin ina wannan aiki, ban taɓa yin ɗori mai kyau irin nashi ba.